Jifa 27 a jere babu ko ɗaya: yadda gajiya ke karya hannun ɗan ƙwallon kwando

Ranar 28 ga Mayun 2018, ƙungiyar Houston Rockets ta karɓi baƙuncin Golden State Warriors a wasa na bakwai, wanda zai yanke wadda za ta kai wasan ƙarshe na gasar NBA ta Amurka. An tafi hutun rabin lokaci Houston na gaba da maki 11. Amma a daren nan ƴan wasanta sun yi jifar maki uku sau 27 a jere ba tare da ko ɗaya ta faɗa kwando ba, aka tashi 101 da 92.

Waɗannan fa ba ƴan koyo ba ne. James Harden, gwarzon gasar a shekarar, biyu ya ci cikin 13. Trevor Ariza ya yi jifa 12 bai ci ko ɗaya ba. Rashin sa'a na ciki, gaskiya ne, amma Chris Paul yana jinyar rauni a cinya, kuma mai horarwa Mike D'Antoni ya daɗe yana dogaro da ƴan wasa kaɗan, waɗanda suka sha gudu a wasanni shida da suka gabata.

Abin da ƴan kallo da yawa ba su lura da shi ba shi ne, jifa daga ƙafa take farawa. Ɗan wasa yana lanƙwasa gwiwa ya yi tsalle, ƙarfin ya bi ta ƙugu zuwa kafaɗa, wuyan hannu kuma ya saita ƙwallon. Idan cinyoyi suka gaji, tsallen ya ragu, sai a saki ƙwallon ƙasa da inda aka saba. Maimakon ta tashi sama ta faɗo cikin kwando, sai ta tafi a miƙe. Faɗin bakin kwando kusan santimita 45 ne, ƙwallo kuma kusan 24. Wadda ta zo a miƙe ƙofar da ta rage mata ƴar ƙarama ce, shi ya sa take yawan dukan gaban ƙarfen.

Daga nan sai jiki ya nemi dabara. Hannu ya ɗauki aikin ƙafa, ya tura da ƙarfi, gwiwar hannu ta buɗe gefe, ƙwallo ta karkace dama ko hagu. Jifar nesa ta fi shan wahala, domin layin maki uku ya kai mita 7.24 a NBA, 6.75 a dokokin FIBA.

Matasanmu da ke wasa kan siminti a Maradi ko Yamai cikin zafin Afrilu, lokacin da ake wuce digiri 40, gajiyar nan tana riskarsu da wuri, musamman idan ba a shan ruwa. Saboda haka masu horarwa ke sa yara su yi tsere daga wannan ƙarshen fili zuwa wancan, sannan su tsaya kan layi su yi jifa suna haki.