Alƙalami Kafin Goro: Yarjejeniyar Dukiya Tsakanin Ma'aurata

In aka yi zancen yarjejeniyar dukiya kafin aure, hankali kan tafi ga attajiran Turai da Amurka, kuma ba banza ba. A can kotu na da ikon raba abin da ma'aurata suka tara idan aure ya mutu. Da Jeff Bezos da matarsa MacKenzie suka rabu a 2019, ta tashi da kashi 4 cikin 100 na hannun jarin Amazon, sama da dala biliyan 35. Gudun irin haka ne ke sa masu hali su rubuta, tun kafin ɗaurin aure ko bayansa, wane ne mai me. A Ingila ma sai a 2010 wannan takarda ta samu nauyi sosai, lokacin da Kotun Ƙoli ta ba Katrin Radmacher, Bajamushiya mai gadon dukiya, gaskiya a kan tsohon mijinta Bafaranshe. Kotun ta ce a bi abin da suka sa wa hannu muddin ba a tilasta kowa ba, kowa ya san abin da ya amince da shi, kuma bin sa ba zai zama zalunci ba.

Mai karatu na iya cewa wannan ciwon wasu ne, tunda a Musulunci aure ba ya haɗe dukiya: abin mace nata ne, sadakinta nata ne, ci da sha da tufafi da muhalli kuma suna wuyan miji. Haka ne a littafi. Amma a cikin gida kuɗi ba sa zama inda littafi ya ajiye su. Mace ta ɗauki adashi, ta sayar da sarƙar gwal ɗin da aka sa mata a lefe, ta miƙa wa maigida a ɗaki, daga ita sai shi, don a yi rufin kwanon gidan da yake ginawa. Takardar fili da sunansa take. Bayan shekara goma saki ya auku, ko ya rasu magada suka zo rabo, alƙali ya ce ta kawo shaidu. Ina za ta samo su? Ko a kayan ɗaki, ƙa'idar Malikiyya da kotunanmu ke bi ita ce, in babu shaida, abin da aka saba gani na mata a ba mace bayan ta rantse, abin maza a ba namiji, wanda kuwa ya dace da kowa, miji ne ke rantsuwa ya ɗauka. To, firji da talabijin da janareta da ma'aikaciya ta saya da albashinta, a wane ɓangare suke? Ashe abin da ke damun mu ba rabon dukiya ba ne, rashin hujja ne. Kuma ba mata kaɗai yake ci ba, don akwai mazan da suka sayi fili da sunan matansu bisa amana, daga baya amanar ta zama magana.

Maroko, ƙasar Malikiyya kamar mu, ta kama bakin zaren. Dokar iyalinta ta 2004, a sashe na 49, ta bar wa kowa dukiyarsa, amma ta yarda ma'aurata su rubuta wata takarda daban kan yadda za a juya da kuma raba abin da suka samu a zaman aure, har ta ɗora wa masu rubuta aure alhakin sanar da ango da amarya wannan dama. A Najeriya, masu auren rajista suna ƙarƙashin dokar shari'o'in aure ta 1970, wadda sashenta na 72 ya ba kotu damar duba irin wannan yarjejeniya ta yi hukunci bisa adalci.

Babbar suka ita ce wai rubutu mugun fata ne, kamar ana haƙa wa aure kabari tun ba a raba goro ba, ko kuma alamar rashin yarda. Amma ai ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma tsakanin muminai. Sadaki ma a bainar jama'a ake faɗinsa, lakadan ne ko ajalan, ba wanda ya taɓa kiran hakan rashin yarda. Sukar da ta fi nauyi a wurina ita ce ta danniya: mai kuɗi na iya miƙa wa yarinya takarda ana jibi biki, kunya da idon dangi su sa ta sa hannu. Wannan haɗari ne na gaske, maganinsa kuwa waliyyinta ya gani da wuri, kowa ya bayyana abin da ya mallaka da bashin da ke kansa, kowane ɓangare ya nemi nasa lauya ko malami. Takardar kuma tana da iyaka: ba ta sauya rabon gado, ba ta sauke wa uba ciyar da 'ya'yansa.

Waɗanda suka riga suka yi aure, ƙofa ba ta rufe musu ba. Duk ranar da kuɗi masu kauri za su fita daga hannun ɗaya zuwa na ɗaya, a rubuta ko kyauta ce, ko bashi, ko jari, a sa kwanan wata, shaidu biyu su sa hannu, kowa ya adana kwafinsa.