Uwargida, Ƙanjamau Ma Tana Da Dangi

Uwargida, idan an ambaci ƙanjamau yawancinmu mukan ɗauka ƙwayar cuta ɗaya ce tak. Ba haka ba ne. Ƙwayar tana da zuri'a, kuma wadda ta fi yawa a yankinmu ruwa biyu ce.

Masana sun bi sawunta har zuwa dajin kudu maso gabashin Kamaru, inda ta tsallako daga wani jinsin biri zuwa mutum. Wajen 1920 ta samu gindin zama a Kinshasa, jiragen ƙasa da na ruwa suka raba ta gari-gari. Ita ƙwayar ba ta iya kwafar kanta daidai, kullum sai ta yi kuskure, shi ya sa ta rarrabu gida-gida: A, B, C, har zuwa G da sauransu.

Ga inda abin ya shafe ki. Idan gida biyu suka haɗu a jikin mutum ɗaya, sukan cakuɗa su haifar da sabon iri. Haka A da G suka yi, aka samu wadda likitoci ke kira CRF02_AG. A jinin da aka ɗiba a Ibadan aka fara bayyana ta a shekarun 1990, kuma ita ce kan gaba a Afirka ta Yamma. A Najeriya ita da G ne suka mamaye.

Saboda haka ma'auratan da dukansu ke ɗauke da cutar kada su ce ai shi ke nan, jirgi ɗaya ya kwaso mu. Mai yiwuwa irin na maigida daban, na uwargida daban, wani ya ƙara wa wani. Wanda kuma yake wasa da magani, yau ya sha gobe ya manta, ƙwayarsa yake koya wa taurin kai, kuma a haka zai miƙa ta ga matarsa, ko matansa in gidan kishiyoyi ne.

A 2024 Jihar Kano ta wajabta gwaji kafin ɗaura aure. Madalla, amma a ganina gwajin rana ɗaya bai isa ba. In kin samu juna biyu, ki nemi a gwada ki wurin awon ciki. Idan babu magani, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 kan ɗauka daga uwa. Idan ana shan magani kan ƙa'ida, adadin yakan sauko ƙasa da 5.