Gyaran Murhu A Ƙasar Zumar Itace

A Kanada da arewa maso gabashin Amurka akwai wata bishiya da ake kira mapul. Daga Fabrairu zuwa Afrilu, sa'ad da ruwa ke daskarewa da dare ya narke da rana, manomi yakan huda jikinta ya tari ruwan da ke ɗiga. Zaƙinsa kaɗan ne. Sai an dafa wajen lita 40 kafin a sami lita 1 ta zuma mai kauri. Sauran duk tururi ne, itacen wuta kuwa shi ke shan wahalar.

Murhunsu dogo ne, da faffaɗan kaskon ƙarfe a bisa. Wuta tana gaba, bututun hayaƙi yana baya. In murhun ya lalace, mai gida da iyalinsa su kwana suna zuba itace, zuma ba ta fito ba.

Ga yadda suke gyara shi. Da fari, sukan jera tubalin da ke jure wuta a cikinsa, domin zafi kada ya tsere ta gefe. Na biyu, sukan cike ƙasan murhun daga baya har ya kusa taɓa kaskon, harshen wuta ya bi ta nan dole yana lasar gindinsa. Na uku, sukan ƙera gindin kaskon da kwari-kwari, wuta ta sami wurin kamawa da yawa. Bututun hayaƙi kuwa, tsawonsa yakan kai ninki biyu na tsawon murhun, don ya ja iska. Waɗansu har fanka suke sawa tana hura wutar daga ƙasa, kamar zugazugin maƙeri. Itacen ma busasshe ne, an faskara shi kamar kaurin hannu, ana sawa kaɗan kaɗan, a rufe ƙofa nan da nan.

Amma murhu mai ƙarfi yana son ido. Zurfin ruwan bai wuce santimita 5 ba. In aka yi gyangyaɗi ya ƙafe, kasko da zuma duk sun ƙone.

Masu dafa ruwan rake su yi mazarƙwaila sun san wannan aiki. Ke ma uwargida, dubi murhunki: ta ina zafi yake gudu? Ku tuna, bayan Ubangiji Yesu ya ƙosar da mutum dubu biyar, sai da ya sa aka tattara gutsattsarin da suka rage. Itace ma baiwar Allah ce, kada mu bar ta ta tafi a hayaƙi.