CIWON MAƘOGWARON YARA: ASKAR WANZAMI KO AIKIN LIKITA?

'Yan'uwa manoma na Kaoje da kewaye, wannan magana ta sha tasowa a taron zumuntar mata. Yaro ya yi ta minshari da dare, baki a buɗe, abinci ba ya haɗiyuwa. Sai kaka ta ce beli ne, a kira wanzami. To, bari mu duba tukuna.

In ka buɗe bakin yaro a hasken rana, ɗan naman da ke reto a tsakiya shi ne beli, ko hakin wuya. Waɗanda ke kumbura kuwa tsokoki biyu ne, ɗaya dama ɗaya hagu, likitoci suna ce musu tansil. Watau sau da yawa wanzami yakan yanke marar laifi, ya bar mai laifin. Ba raina sana'arsa muke yi ba, amma askar da ba a dafa ba takan kawo ciwon sanƙarewar haƙora, da ciwon hanta, da ƙanjamau. Zubar jini kuma tana iya kashe jariri kafin a kai shi ko'ina.

Ba kowane kumburi ne ke bukatar aiki ba. Tansil yakan yi girma a ƙuruciya, ya ragu da kansa wajen balaga. In da zazzaɓi da mugunya, ma'aikacin asibiti yakan ba da fenisilin na kwana 10. A sha duka ko yaro ya ji sauƙi, gama ƙwayar cutar da aka bari tana iya lalata zuciya daga baya.

Likita yakan yi zancen aiki in ciwon ya dawo sau 7 a shekara ɗaya, ko sau 5 kowace shekara har shekara 2, ko sau 3 kowace shekara har shekara 3. Wannan ma'auni ya fito daga binciken da aka buga a Amurka a 1984. Saboda haka uwa ta riƙa lissafi. Abin da ya fi wannan nauyi kuwa shi ne yaron da numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci, ya zabura, ya wayi gari a gajiye, ba ya girma.

Aikin iri biyu ne. Ko a cire tansil ɗin ɗungum, ko a rage shi kawai don hanyar numfashi ta buɗe. Na biyun bai kai na farkon zafi da zubar jini ba, amma wani lokaci naman yakan sāke tsirowa. In naman bayan hanci ma ya toshe, akan haɗa a cire. Duka ana yi ne yaro yana barcin magani, bayan an gwada jininsa. In mai amosanin jini ne, lalle a faɗa wa likita.

Mu da ke hayin Kwara, nisa ne babbar damuwarmu. Likitocin kunne da hanci da maƙogwaro sai a Birnin Kebbi ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Jini yana iya ɓallewa har kwana 14 bayan aiki, musamman sa'ad da ɓawon ciwon ke faɗuwa. A ganinmu kada a yi gaggawar komowa gida. A zauna wurin dangi kusa da asibitin. A ba yaro ruwa da yawa, da kunu marar zafi, da farasitamol. Ban da asfirin, yana ƙara zubar jini.

In likita bai ce da gaggawa ba, a shirya tafiyar bayan kaka, lokacin da hanya ta bushe, hatsi yana rumbu. Kowace ƙungiyar gama kai ta kawo zancen rancen kuɗin mota da na asibiti a taronta na gaba.