Andromeda: Dandazon Taurarin da Ake Hangowa Daga Azarori

A daren kaka da babu farin wata, kafin hazon hunturu ya rufe sama, mutumin Azarori da ya dubi arewa zai iya hango wani ɗan farin tabo. Andromeda ke nan, dandazon ɗaruruwan biliyoyin taurari da suka naɗe kamar gammo. Haskenta kan yi tafiyar shekara miliyan 2.5 kafin ya iso ƙasar Madawa, inda Azarori take. Tun shekarar 964 masanin taurari Abdurrahman al-Sufi ya ambace ta a littafinsa.

Ita ce babba a rukunin da ya ƙunshi dandazo fiye da 50, har da namu da rana take ciki. Ƙarfin jan juna ne ya ɗaure su, kuma tana matsowa wajenmu da gudun kusan kilomita 110 a daƙiƙa.