Kalmar “accrue” a takardar bashi: me take nufi?

Ƴan kasuwarmu na Agiye, Gazawa da Gidan Rumji da ke sayo kaya a Jibiya da Katsina sukan dawo da takardun banki ko na dillalai rubuce da Ingilishi. Akwai wata ƴar kalma a ciki da ake tsallakewa a sa hannu, ita ce “accrue”.

Asalinta daga Faransanci ne, dangin “accroître”, wato ƙaruwa. A Hausa fassararta mafi kusa ita ce taru, ba tara ba. Mai gero shi ke tara gero a rumbu da hannunsa. Abin da ake ce wa “accrue” kuwa da kansa yake taruwa, kullum kaɗan kaɗan, ko mai shi yana barci. Shi ya sa aka fi jin ta a maganar kuɗin ruwa, da kuɗin tara na jinkiri, da hayar shago. In takarda ta ce “accrued interest”, tana nufin ruwan da ya riga ya taru ba a biya ba, abin da bankunan Maraɗi ke rubutawa “intérêts courus”.

Mata sun fi maza saurin gane wannan. A adashi babu abin da ke taruwa da kansa, abin da kika zuba shi za ki kwasa ranar da zagaye ya zo kanki. Amma a asusun Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, ana ba mambobi rance daga akwati su mayar da ƙari, ranar rabo kowa ta sami fiye da zubinta. Malamai na da maganarsu a kan kuɗin ruwa, a tambaye su; mu lissafi muke yi.

A ce Hajiya ta ci bashin jikka 10, ruwa kashi 10 cikin ɗari a wata. Bayan wata uku jikka 13 za ta biya. In kuma takardar ta ce ana ɗora ruwan a kan uwar kuɗi, ya zama sefa 13,310, a shekara kuma ya haura jikka 31 maimakon 22.

Saboda haka kafin ki dangwala, sa mai karatu ya duba miki ranar da ruwan zai fara taruwa, ranar sa hannu ce ko ranar karɓar kaya, da kuma ko a kullum ake lissafa shi ko a wata.