Su Wa Ke Sayen Italiyanci?

Italiyanci ba harshen cinikin duniya ba ne kamar Turanci, ba shi kuma da ƙasashe birjik kamar Faransanci ko Larabci. Idan ka bar Italiya, sai San Marino da fadar Vatican da wani yanki na kudancin Suwizalan. Duk da haka, a Roma da Milan da Fulorens akwai makarantun da ba su da wata sana'a sai koya wa baƙi wannan harshe, kuma suna ci da ita.

Sana'ar ta daɗe. Tun 1917 aka fara darussan baƙi a garin Siena, a Perugia kuma 1921, kuma yau kowanne daga cikin garuruwan biyu yana da jami'ar gwamnati da aka kafa domin baƙi. Makarantun kuɗi sun biyo baya, irin su Scuola Leonardo da Vinci da ta buɗe a Fulorens a 1977. Da dama daga cikinsu suna ƙarƙashin ƙungiyar ASILS, wadda ke sa ido kan ingancin karatu.

Kwastomomin kashi biyu ne, kuma ba sa kama da juna. Na farko masu sha'awa ne: Bajamushe ɗan fansho, Ba'amurkiyar da kakanta ya fito daga Sisili, mawaƙin opera daga Koriya. Waɗannan mako biyu ko uku suke yi. Ranar Litinin a yi musu ɗan gwaji a raba su aji-aji, a yi darasi huɗu da safe, da la'asar a shiga kicin a murza taliya da hannu ko a zaga gidajen tarihi. Da dare wasu su kwana a gidan wata tsohuwa da makaranta ta yi yarjejeniya da ita, tana gyara musu magana a kan teburin abinci. Shi ya sa za ka ga ana tallar kwas na musamman ga waɗanda suka haura shekara 50. Su ke da kuɗi, su ke da lokaci, kuma ba sai lokacin hutun bazara suke zuwa ba. A Jamus ma, yawancin jihohi suna ba ma'aikaci hutun ƙaro ilimi da albashinsa, don haka makarantun Italiya suke neman a amince da kwasa-kwasansu a can.

Kashi na biyu ba yawon buɗe ido ya kawo su ba, takarda suke nema. Tun ƙarshen 2010, baƙon da ke son izinin zama na dogon lokaci sai ya nuna ya kai matakin A2. A 2018 aka ƙara cewa mai neman zama ɗan ƙasa ta hanyar aure ko daɗewa sai ya kai B1. Takardun da ake karɓa sanannu ne: CILS ta Siena, CELI ta Perugia, PLIDA ta ƙungiyar Dante Alighieri, da ta Jami'ar Roma Tre. Darajar wannan takarda ta fito fili a Satumba 2020, lokacin da ɗan ƙwallon Yurugwai, Luis Suárez, ya je Perugia ya yi jarrabawar B1 domin neman fasfon da zai sauƙaƙa masa komawa Juventus. Masu bincike suka ce an riga an shirya masa tambayoyin, abin ya zama abin kunya, shugabar jami'ar ta sauka daga kujerarta.

A ganina, a nan ne ainihin kasuwar take. Alƙalamin gwamnati ya fi kowace talla cika aji. Dubi ɗaliban ƙasar Sin: shirin Marco Polo, da na Turandot da ya biyo baya a 2009 domin masu karatun zane da kiɗa, sun ba su damar samun biza ba tare da sun iya ko gaisuwa ba, bisa sharaɗin su yi wajen wata goma suna koyon harshe kafin su shiga jami'a. Ɗalibi ɗaya irin wannan ya fi wa makaranta riba a kan 'yan mako biyu goma. Da annobar korona ta rufe Italiya a Maris 2020, jirage suka tsaya, azuzuwa suka koma wayam. Makarantu suka ruga intanet, kuma da yawansu ba su daina ba har yau, domin darasin nesa ya zama ɗanɗano: wanda ya saba da malama ta waya, shi ne gobe zai sayi tikitin jirgi.

Neman ɗalibai kuwa, kamar cinikin shanu yake a kara, da wuya a ƙulla shi ba dillali. Ejan-ejan na ƙasashe daban-daban suna haɗuwa da masu makarantu a taruka irin na ICEF da ake yi a Berlin duk shekara, a daidaita la'ada a kan kowane ɗalibi. Ƙananan makarantu, waɗanda la'adar ke yi wa nauyi, sun fi dogara da Instagram da bakin tsofaffin ɗalibansu.

Sai dai fasfo ne ke tantance wanda zai zama kwastoma. Ba'amurke ko ɗan Japan yana iya yin kwana 90 ba biza. Ɗan Najeriya ko Nijar kuwa, ko kwas na mako ɗaya ne sai ya nemi biza, ya nuna kuɗi a banki da masauki da inshorar lafiya. Idan karatun ya wuce kwana 90, biza ta daban ake nema, kuma da ya sauka yana da kwana 8 na aiki ya nemi izinin zama, wanda ke ba shi damar aikin awa 20 a mako. Takardar shaidar biyan kuɗin makaranta ba ta tilasta wa ofishin jakadanci komai, don haka mai niyya ya fara tambayar nawa za a maido masa idan aka hana shi biza.

'Yan Najeriya da ke zaune a Italiya sun haura dubu 100, amma ba su ne makarantun kuɗi ke zawarci ba. Ajinsu shi ne CPIA, cibiyoyin gwamnati na karatun manya, inda kuɗin rajista bai taka kara ya karya ba, kuma takardar A2 da ake bayarwa a can tana isa a nemi izinin zama na dogon lokaci.